Shekarar da Jiha Ta Kwashe Asusun Tituna

Kafin ya zama magajin gari, malamin lissafi ne a sakandare, shi ya sa ko bayan an zaɓe shi mutane ba su daina kiransa Malam ba. Dogo ne, mai sanyin magana, in zai yi alkawari yakan faɗe shi a hankali kamar mai rubutu a allo. Alkawarin da ya ci zaɓe da shi kuwa guda ɗaya ne: zai gyara unguwar masaƙa.

Unguwar ta tashi ne a gindin tsohuwar masaƙar da aka rufe tun yana ƙarami. Gidajen ma'aikata ne a jere, bango ɗaya ke raba gida da gida, sun tsufa har wasu sai da aka tokare su da itace. Titi ɗaya ya ratsa ta, shi ne kuma hanyar da manyan motoci ke bi zuwa kasuwa da tasha. Akwai doka da ta ce a riƙa ware wani kaso na harajin mai da na shaguna da ake karɓa a kowane gari, a tara a asusu guda, jiha ta riƙe amana, kowane gari ya riƙa ɗibar rabonsa don gyaran tituna da sabunta tsofaffin unguwanni. Rabon garinsu ya daɗe yana taruwa ba a taɓa ba. Da shi Malam ya tsara a rushe gidajen nan, a gina sababbi, a shimfiɗa titin da magudanan ruwa.

Wahalar ita ce shawo kan mutane su tashi. Babu wanda ya yarda ya bar ɗakinsa a kan maganar hukuma. Da abin ya ƙi, sai Malam ya tafi wurin goggonsa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. A unguwar take tun tana amarya, kuma babu gidan da ba ta taɓa shiga raba faɗa ko kwanan jinya ba.

"Goggo, in kika tashi, kowa zai tashi."

"Wato ni za ka mayar zakaran gwajin dafi?"

"Kafin damina ta zagayo kin shiga sabon ɗaki, ga famfo a tsakar gida."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba, kunnuwanka ke tona ka. Je ka nemo mini mota."

Ita ta fara ɗaure kaya. Da maƙwabta suka ga an fito da gadonta da tukwanenta, sai suka bi sahu. Aka sauke su a babban siton masaƙar, wanda aka yayyanka da katako, kowane iyali da ɗan lungunsa. Malam ya yi ta roƙonta ta zauna a gidansa kafin a gama, ta ce atafau.

"In janyo mutane su bar gidajensu, ni kuma in je in miƙe ƙafa a katifar magajin gari? Da wane ido zan dube su?"

Katafila ta zo ta baje gidajen. Aka kankare tsohuwar kwaltar titin, aka tone kwalbatoci, aka haƙa ramukan magudanai gefe da gefe. Aka fara zuba harsashin sababbin gidaje, ƙarafa suka miƙe sama kamar karan da aka bari a gona. Kullum da yamma mutanen sito kan fito su tsaya suna nuna wa juna inda ɗakin kowa zai kasance.

Wata safiya Malam na ofis yana shan shayi, injiniyan gari ya faɗo ba sallama, hular kwanonsa a hannu.

"Yallaɓai, ɗan kwangila yana loda injinansa."

Suka tafi tare. Suka tarar ana ɗora katafila a bayan tirela. Ɗan kwangilar ya taho da kansa, ya cire tabarau.

"Malam, ni ba ni da faɗa da kai. Na je a biya ni aikin da na yi, aka ce asusun babu ko sisi. Ma'aikatana ba ƙasa za su ci ba."

Sai da Malam ya buga waya wuri-wuri kafin ya samu wanda ya gaya masa gaskiya. A cikin kasafin da majalisar jiha ta amince da shi, an cusa wani sashe da ya ba gwamnati damar aron asusun tituna gaba ɗaya don cike giɓinta. Aro aka kira shi, amma ba a faɗi ranar biya ba. Babu magajin garin da aka tuntuɓa.

Ba a jima ba ruwa ya sauka. Titin da aka kankare ya zama kwatami, ramukan magudanai suka cika suka haɗe da shi, har ba ka gane ina ne hanya ina ne rami. Wata babbar mota ɗauke da siminti ta kafe a tsakiya, ta yi kwana da kwanaki a karkace. Direbobi suka koma zagaye ta bayan gari, kuɗin mota ya tashi, masu shagunan bakin titi suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarafan harsashin suka yi tsatsa.

A cikin wannan hali wata mata ta shigo ofishinsa da takalmanta a hannu, taɓo har idon sawu. Ita ce shugabar garin bakin kogi, kuma da yake aikin lauya ta yi kafin siyasa, Lauya kowa ke ce mata. Jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce, sun sha yin musu a taro.

"Motata tana can cikin tafkinka," in ji ta. "In kana da masunta ka tura su fito mini da ita."

Bai iya yin dariya ba. Ta zauna, ta goge ƙafa da tsohuwar jarida, ta shiga magana kai tsaye. Shugabannin garuruwan jihar sun zauna, kusan dukansu sun yarda su shigar da ƙara tare, su nemi kotu ta ce kuɗin nan na garuruwa ne, jiha ba ta da ikon taɓa shi.

"Saura kai, Malam. Kuma ba na ɓoye maka, kai muka fi buƙata. Kana jam'iyyar gwamna, garinka ne ya fi kowanne shan wuya. In babu kai, cewa za su yi surutun 'yan adawa ne."

"Ki ba ni lokaci in yi magana da kwamishina tukuna."

"Surukinka."

"Yayan matata, e."

"To, ka gaishe shi," ta ce, ta miƙe. "Amma kar ka daɗe. Ba mu da ƙarfin jira."

Matar Malam ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gari, Sista ake kiranta, har shi ma haka yake ce mata. Kwamishinan kuɗi na jiha yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya biya mata karatu, shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurensu. Da Malam ya ce mata zai je wurinsa, sai ta goge masa rigar da yayan ya taɓa ba shi.

Ofishin kwamishina na hawa na sama, sanyin na'ura ya cika shi, ƙasa shimfiɗe da kafet mai haɗiye ƙarar takalmi. Kwamishinan ya rame fiye da yadda Malam ya san shi. Ya taso ya rungume shi, ya tambayi ƙanwarsa da yara, ya sa aka kawo shayi, sannan ya sallami sakatarensa.

"Na san abin da ya kawo ka. Kafin ka fara, bari in gaya maka abin da na tarar a kan teburin nan. Albashin malaman makaranta, albashin asibitoci, har da na matarka. Abin da ke shigowa bai kai ba. In ban taɓa asusun nan ba, da yanzu makarantu a rufe suke. Kana ganin daɗi nake ji?"

"Ban ce kana jin daɗi ba, Yaya. Amma na rushe wa mutane gidaje. Suna kwana a sito."

"Wa ya ce ka rushe kafin kuɗi su shigo hannunka?"

"Doka ce ta ce suna hannuna."

Kwamishina ya juya kofinsa a kan faranti. Can ya rage murya.

"Akwai ɗan abin da gwamna ke iya saki da hannunsa. Ka janye jikinka daga matar nan da ƙararta, ni kuma zan sa a mayar maka da ɗan kwangilarka. A gama titin, a gama gidajen. Ba a rubuce ba, magana ce tsakanina da kai."

"Sauran garuruwan fa?"

"Kowane gari da mai shi. Kai naka aka ba ka. Ka yi wa tsohuwar nan goggonka tunani, ƙanena."

A hanyar dawowa Malam ya ce da direbansa su bi ta garin bakin kogi. Bai taɓa zuwa ganin aikin Lauya ba. Ya tarar an cire rabin bayan gadarsu don a sake shi, aka bar ta haka, an gicciye baki da ganguna. Mutane na tsallakawa a kan faffaɗan katako, ɗaya bayan ɗaya, kaya a ka, ruwa na gudu a ƙarƙashinsu. Ya ga wani mutum ya goyo matarsa mai tsohon ciki yana takawa a hankali, na bayansa duk sun tsaya cik har ya kai ƙarshe. Gaba kaɗan, a wani ƙaramin gari, an rushe kasuwa don a gina sabuwa, 'yan kasuwar na zaune a bakin hanya ƙarƙashin leda. Bai sauka ba, bai nemi kowa ba.

Ya kwashe komai ya gaya wa Sista tana tsaye a kicin tana yanka albasa. Ta saurara har ya gama.

"Me kike gani?"

"Ni abin da na sani," ta ce, ba ta ɗago ba, "jiya na saurari ƙirjin Goggo, ban ji daɗinsa ba. Wurin nan da danshi. Na roƙe ta ta biyo ni, ta ce in gaishe ka."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Na sani. Kana so in zaɓa tsakanin yayana da mijina, ni kuwa ba zan yi ba."

Kwamishina ya ce magana ce tsakaninsu, amma Malam ya ga ba shi da ikon ɓoye wa mutanen da abin ya shafa. Washegari da la'asar ya je siton. Wurin na warin danshi da hayaƙi da tsohuwar auduga. Katakon da aka raba ɗakunan da shi bai kai rufi ba, don haka rediyon kowa da tarin kowa na kowa ne. An jera bokitai a inda rufin ke yoyo, igiyoyin shanya sun ratsa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Mutane suka taru a filin tsakiya, wasu a kan benci, wasu a tsaye. Ya hau kan wani tsohon akwatin inji, ya faɗa musu abin da aka yi masa tayi da abin da ake nema a wurinsa, bai ƙara ba bai rage ba.

Wani tela, wanda ya rasa gida da shago a rana ɗaya, shi ya fara magana.

"To me kake jira? An ce ga gidajenmu, kana tambayarmu? Kekena yana can ya yi tsatsa, 'ya'yana na kwana kamar kifi a gwangwani. Mu muka zaɓe ka ko mutanen bakin kogi?"

Mutane da yawa suka ce haka ne. Sai shugaban direbobi ya miƙe, wani ƙaton mutum mai kaushin murya.

"Ni ma ina son a gama, motocina ne ke karyewa. Amma ku tsaya. Wanda ya ce zai bayar ba a rubuce ba, in an sauya shi gobe fa? Ko in Malam ya yi abin da bai gamshe su ba? A sake loda katafila, a bar mu ba kuɗi ba ƙara. Kuma titin nan ba a ƙofar garinmu ya ƙare ba. In na fita da kaya, ta gadar can zan bi."

"Kai kana da gida!" tela ya daka masa tsawa. "A ɗakinka kake kwana!"

Hayaniya ta kaure, har sai da aka ga Goggo tana ƙoƙarin miƙewa. Maƙwabciyarta, wata mai wanki da ke haya a gidanta tun da daɗewa, ta riƙe mata hannu. Aka yi tsit. Malam ya ji sanyi a ransa, don ya ɗauka za ta tsaya masa kamar yadda ta saba.

"Ɗana," ta ce, "ni ban san kotu ba, ban san asusu ba. Kai ka zo ɗakina ka ce in tashi, na tashi, mutanen nan suka biyo ni saboda sun yarda da ni. Ba garin bakin kogi ne ya goya ka ba, ni ce. Ka karɓi abin da aka ba ka, ka mayar da mu gidajenmu. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ta koma ta zauna. Malam ya sauko daga kan akwatin, ya ce majalisar gari za ta zauna gobe.

Kansiloli suka yi ta ja-in-ja tun safe har rana ta karkata. Da aka zo ɗaga hannu, suka rabu biyu daidai, ya rage saura ƙuri'ar Malam.

"Kuɗin nan ba kyauta ba ce da za a ba mu don mun yi ladabi," ya ce. "Namu ne, daga aljihun mutanen garin nan suka fito. In na karɓe su a matsayin alfarma, na yarda ke nan ba namu ba ne, kuma duk wanda ya zauna a kujerar nan bayana sai ya durƙusa kafin a cike masa rami ɗaya. Na san wanda zai sha wuyar wannan magana, kuma ba ni ba ne. Allah ya yafe mini. Za mu shiga ƙarar."

Bai bari Goggo ta ji a bakin wani ba. Ya same ta a lungunta, zaune a bakin gado, ya durƙusa ya gaya mata. Ta saurara, ta kwanta, ta juya fuska ga katako.

"In za ka fita ka ja mini labulen."

Daga ranar ba ta sake yi masa magana ba. Yakan je kullum bayan tashi daga ofis, ya yi sallama, ta amsa sallamar kaɗai. Ya zauna a kan ƙaramar kujera, ya ba ta labarin yara, ya tashi. Abincin da Sista ke kaiwa tana ci, amma in shi ya kai sai ta miƙa wa mai wanki.

Shigarsa cikin ƙarar ta sauya abubuwa. Jaridu suka zo suka ɗauki hoton siton da motar da ta kafe. Wasu garuruwa biyu na jam'iyyarsu da suka noƙe suka fito suka sa hannu. Ranar da aka fara zama, shugabannin garuruwa suka cika bencin gaba na kotu, Lauya a tsakiyarsu, ta matsa ta ba shi wuri kusa da ita. Lauyoyin jiha suka nemi a ɗage, aka ɗage. Suka ce kotun ba ta da hurumi, aka zauna a kan wannan, aka sake ɗagewa.

A gida kuwa abubuwa suka tsananta. Masu binciken kuɗi na jiha suka sauka a ofishinsa, suka birkice kowane kabad, ba su samu komai ba, suka tafi, wasu suka zo. A taron jam'iyya aka daina ba shi kujerar gaba. Kwamishina ya daina ɗaga wayar ƙanwarsa. Sista ba ta taɓa yi wa Malam ƙorafi ba, amma yakan ga ta riƙe wayar tana kallo, sannan ta ajiye.

Da ɗan abin da gari ke samu a kasuwa da tasha Malam ya sa aka lilliƙe rufin siton, aka ƙara banɗakuna. Shugaban direbobi ya tara masu tifa suka riƙa zuba jar ƙasa a titin kyauta, ruwa na wankewa suna sake zubawa. Tela in ya hango Malam sai ya sauya hanya.

Damina ta biyu ce ta kayar da Goggo. Wata rana da hantsi mai wanki ta kira Sista a waya tana kuka, ta ce numfashin tsohuwa ya ƙi. Motar asibiti ta zo ta tsaya a bakin unguwa, ta kasa shiga. Malam ya iso da gudu daga ofis, ya tarar direbobi sun ɗora ta a kan kujera, sun ɗaga. Ya karɓi ƙafa ɗaya ta kujerar. Da ya ɗago kai, ya ga tela ne ke riƙe da ta kusa da shi. Haka suka ratsa taɓon har gwiwa, babu mai magana sai shugaban direbobi da ke cewa a hankali, a hankali, akwai rami a dama.

Ta yi kwanaki a asibiti, Sista ba ta matsa daga gefenta ba. Wata yamma ta farka ta ga Malam zaune, ta dube shi sosai.

"Ka rame," ta ce.

"Goggo."

"Ba ka cin abinci ne? Sista, ba ki ba shi abinci?"

"Ina ba shi, Goggo, shi ne ba ya ci."

"Tun yana yaro haka yake, in ransa ya ɓaci sai ya huce a kan cikinsa." Ta numfasa da ƙyar. "Mai wankin nan, 'yar haya ce, ba a sa sunanta cikin masu samun ɗaki ba. Kar ku bari a watsar da ita."

"Ba za a watsar da ita ba."

Ya jira ko za ta ce wani abu game da abin da ya shiga tsakaninsu. Ba ta ce ba. Ta rufe ido, ta bar hannunta a cikin nasa. Washegari ta rasu.

Kwamishina ya zo gaisuwa. Ya bar motarsa a nesa ya tako da ƙafa, ya zauna cikin mutane kamar kowa. Da aka ɗan watse, ya matso kusa da Malam.

"Allah ya jiƙanta. Mutuniyar kirki ce."

"Amin, Yaya. Na gode."

Kowannensu ya san abin da zai iya faɗa wa ɗan'uwansa, kuma kowanne ya san akwai gaskiya a ciki. Babu wanda ya faɗa. Kwamishina ya shiga ciki wurin ƙanwarsa, aka ji kukanta daga tsakar gida, ya daɗe bai fito ba.

Bayan damina kotu ta yanke hukunci. Ta ce asusun amana ne, na garuruwa ne, majalisar jiha ba ta da ikon ba da aronsa, a mayar. Lauya ta kira Malam daga harabar kotun, ana ta sowa a bayanta. Ya taya ta murna, ya ajiye wayar, ya rufe ƙofar ofis, ya zauna shi kaɗai har aka tashi.

Jiha ba ta biya gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ta riƙa sakowa, wasu makarantu kuma suka yi wata da watanni malamansu na karɓar rabin albashi. Shugabannin garuruwa suka yarda a fara da gadar bakin kogi da unguwar masaƙa. Kafin ɗan kwangila ya dawo da injinansa zaɓe ya zo, jam'iyya ta ba wani takara. Malam bai yi jayayya ba. Ya kwashe littattafansa daga ofis, ya koma sakandaren da ya baro, inda shi ma ya ɗanɗani rabin albashin.

Sabon magajin gari ne ya raba makullan gidajen. Ba a gayyaci Malam ba, shi ma bai sa rai ba. Sista ce ta je ta karɓi na Goggo a madadinsa, ta wuce da shi kai tsaye ta damƙa wa mai wanki. Ta dawo da yamma ta same shi a falo yana duba takardun jarrabawa, ta cire takalmi ta zauna kusa da shi.

"An shiga?" ya tambaya.

"An shiga. Ana ta share-share. Tela ya samu shago a bakin titi, har ya kafa kekensa."

"Ya yi magana?"

"Ya tambayi lafiyarka. Bai ce in gaishe ka ba, amma ya tambaya."

Malam ya ajiye biro. Ya ce, "Sista, tsakaninki da Allah, daidai na yi?"

Ta yi tunani sosai, don ba mace ba ce mai amsa irin wannan tambaya don a ji daɗi.

"Ban sani ba," ta ce. "Wata rana in ga kamar daidai ne, wata rana in tuna da ƙirjinta. Abin da na sani, da za a sake, haka za ka sake yi, ni kuma haka zan sake jin haushinka in ƙi faɗa."

Ya gyaɗa kai. Ta miƙe, ta tattara takardun daga gabansa ta ɗora a kan kabad.

"Tashi ka wanke hannu. Yaran nan tun ɗazu suke jiranka, sun ce ba za su ci ba sai ka zo."